Kwalaben Malam Sallau

Tun ranar Litinin da takardar ta iso daga Abuja, Dorcas Andarawus ba ta ƙara yin minti goma cikakku a kan kujera ba. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa taga, ta dawo ta buɗe takardar ta sake karantawa ko Allah zai sa ta ga wani abin da ba ta gani ba da farko. Masinjan kwalejin ya ce da abokinsa Malama Dorcas ta zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ta ji shi sarai, amma ba ta da lokacin tanka masa.

Ɗakin da take kula da shi yana can ƙarshen ginin kwalejin koyon noma da kiwon kifi da ke Yelwa. A cikinsa akwai kwalabe ɗari uku da goma sha takwas jere a kan kantoci, kowace da kifi a ciki yana kwance cikin sifirit, kowace kuma da 'yar takarda da aka rubuta da fensir: sunan kifin, ranar da aka kama shi, wurin da aka kama shi, da sunan masuncin da ya kawo. Malam Sallau ne ya tara su. Ya fara bayan an datse Kainji ruwan tabkin ya haɗiye gungaye, wato tsibirai, ya yi ta yi har idonsa ya gaza. Da Dorcas ta zo aiki, 'yar manomi ce daga tudun bayan Shanga, ta san dawa ta san gero, amma ba ta iya raba ƙurungu da tarwaɗa ba. Shi ya zaunar da ita ya koya mata kwalba bayan kwalba. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, har yanzu idan ta ga rubutunsa sai ta ji kamar yana tsaye a bayanta. Akwai kifaye a kwalaben nan da ko tsofaffin masu sayar da kifi a kasuwar Yelwa sun daɗe ba su sa su a ido ba.

Takardar Abuja ta ce an kafa kwamiti na ƙasa da zai haɗa duk irin waɗannan ɗakuna, na kifi da na ƙwari da na ganyaye, a rajista guda. Ɗakin da ya shiga za a riƙa aiko masa da sifirit da kantoci, kuma ba mai ikon taɓa shi. Sai dai mutanen Abuja ba sa ba ka abu ba tare da sun rataya masa sharaɗi ba. Dole aƙalla rabin kwalaben su zo da lambobin taswira na ainihin wurin da aka kama kifin, irin waɗanda waya ke nunawa idan mutum ya tsaya a wurin. Za a rufe karɓar fom ranar Juma'a da ƙarfe huɗu.

Shugaban kwalejin, Malam Abdulrahman, ba mugu ba ne, kuma bai yi mata ɓoye-ɓoye ba. Ya ce ɗalibansa a baranda suke koyon kwamfuta, shekara biyu yana kau da kai saboda darajar marigayin. Idan ɗakin ya shiga rajista, ya gode Allah. Idan bai shiga ba, ranar Litinin za a kwashe kwalabe a sa tebura.

Ta kwana biyu tana bin takardun kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Sunayen wuraren da Malam Sallau ya rubuta, irin su Bakin Marke da Gungun Tsamiya da Dutsen Balbela, ba ko ɗaya a taswira. Amma ta lura da abu guda: kwalabe ɗari da casa'in duk suna ɗauke da sunan mutum ɗaya, Tamada na Wara, kuma duk daga wurare biyar kacal. Ta yi ta kiran waya har ta sami wanda ya tabbatar mata tsohon yana raye, yana ma zuwa bakin ruwa kullum. Wurare biyar, mutum ɗaya. Ranar Laraba da sassafe ta shiga motar Wara, ta zauna a bakin ƙofa tana ta duba agogo kamar duban zai ƙara wa motar gudu.

Ta same shi a tashar jirage, ƙarƙashin wata rumfa, yana ɗinkin ragar kalli a tsakiyar masunta kusan goma sha biyar. Tsoho ne siriri, baƙi, mai ƙananan idanu da ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita ce ta gaji aikin Malam Sallau. Da ya ji sunan sai ya ajiye zare, ya yi wa marigayin addu'a, ya ce abokinsa ne na shekara talatin. Nan take Dorcas ta shimfiɗa taswira a kan tabarma, ta buɗe littafinta, ta fara karanto sunayen. Duk wanda ta kira, Tamada ya ɗora yatsa ba tare da jinkiri ba. Sauran masuntan suka matso suna gyaɗa kai, wani ma har yana cewa haka yake, shi ma ya san wurin. Kafin azahar ta gama. Duk wuraren kusa da gaɓa suke, mai babur zai iya kai ta ta ɗauki lambobin kafin la'asar. Ta ji wani sanyi a ranta wanda rabonta da shi tun Litinin.

Ladabi ne ya sa ta ce bari ta leƙa gida ta gaida iyalinsa kafin ta wuce. Ta tarar da matarsa, Talatu, tana bandar kifi a bayan gida, hayaƙi ya turnuƙe ta. Suka gaisa, Talatu ta tambaye ta abin da ya kawo ta, Dorcas ta zayyana mata cikin murna. Tsohuwar ta tsaya da juya kifin, ta dube ta.

"A ina kinka tambaye shi?"

"A rumfa, Inna. A bakin ruwa."

"Da mutane?"

"Da mutane. Sun ma taya shi tunawa."

Talatu ta yi dariya har hayaƙi ya sarƙe ta, sai da Dorcas ta miƙa mata ruwa. Da ta lafa, ta yi mata bayanin abin da kowane ɗan Wara ya sani tun yana rarrafe. Masunci ba ya faɗin inda ya kama kifi a gaban wani masunci. Idan an tambaye shi, sai ya ambaci wani wuri can daban, kuma ba wanda ke kiran wannan ƙarya, don kowa haka yake yi. Masu gyaɗa kai kuwa sun san ba nan ba ne, kara suka yi masa, yadda shi ma zai yi musu gobe. Ta ce Bakin Marke ɗin nan ko ƙwaɗo ba ya ƙiba a wurin, ballantana a kama giwan ruwa.

"To, Malam Sallau fa?" in ji Dorcas.

"Shi ma awa ke. Kullum ga rumfa yake tsayawa da littahi a buɗe. Ɗan birni na, Allah shi jiƙan shi."

Dorcas ta nemi wuri ta zauna. Ba kunyar wautar da ta yi ce ta fi cin ta ba. Abin da ya fi mata ciwo shi ne rubutun nan mai kyau da ta yi shekara goma sha ɗaya tana rantsuwa da shi, wanda ta koya wa ɗalibai har ya zauna musu a ka, ashe abin da aka faɗa wa malaminta don a kawar da kunnen maƙwabci ne. Ta fusata da Tamada, ta fusata da masu gyaɗa kai, har marigayin ma sai da ta ɗan ji haushinsa, sannan ta nemi gafarar Allah. Ta bar motar yamma ta tafi ba ita. Talatu ta ba ta wurin kwana.

Washegari da gari ya waye ta tare shi shi kaɗai a bayan gida yana alwala. Ta yi niyyar yin magana a hankali, amma muryarta ta ƙi. Ta ce ya yaudari abokinsa shekara talatin, jiya kuma ya yaudare ta ita da ta zo da amana. Tamada bai ji kunya ba ko kaɗan, mamaki ma ya yi. Ya ce bai taɓa yaudarar Sallau ba. Kifin da ya kai masa na gaskiya ne, ranar ta gaskiya ce. Wurin ne kawai, shi kuwa wuri ai ba a tambayarsa cikin taro. Da Sallau ya taɓa shiga jirgi da shi sau ɗaya, su biyu, da ya nuna masa komai, amma mutumin yana tsoron ruwa, ko kwalekwale bai taɓa takawa ba. Ya ce shi ya ɗauka Sallau ya san yadda abin yake, don wa zai yi shekara talatin a bakin ruwa bai sani ba?

Ta gaya masa abin da zai faru da kwalaben ranar Litinin. Ya ajiye butarsa. Can ya miƙe ya ce ta ɗauko wayarta.

Suka fita a ƙaramin jirginsa mai inji, su biyu. Dorcas ta riƙe gefen jirgin da hannu biyu, don ita ma ba ta fi malaminta jarumta a kan ruwa ba. Sun yi nisa har Wara ta koma 'yar ƙarama a bayansu. Ita ba ta ganin komai sai ruwa iri ɗaya ko'ina, shi kuwa sai ya daidaita wani tsauni da kan wata busasshiyar bishiya da ke leƙe daga ruwa, ya juya ya daidaita wani abin a ɗaya gefen, ya rage wuta ya ce nan ne. Ta danna waya, lambobi suka fito, ta rubuta. A kowane wuri yana gaya mata abin da ke ƙasa. Nan tsohuwar hanyar kogi ce. Nan duwatsu ne da mata ke wanki a kansu kafin ruwa ya zo. Ya tuna kifin da ya kai wa Sallau daga kowane wuri, har da wata minjirya da wutar jikinta ta jefar da shi cikin jirgi, ya ba da labarin yana dariya.

A wuri na huɗu ta ga 'yan gorunan kalli suna lilo a kan ruwa. Ya ce na 'ya'yansa ne. A ƙarƙashin nan ne rafuka biyu suke haɗuwa a gindin gungun da aka haife shi, kuma har yau kifi bai daina taruwa a wurin ba, ko a shekarun nan da tabkin ya tsiyace. Gida uku ke ci daga nan. 'Ya'yansa ba sa taɓa zuwa kai tsaye, sai sun yi zagaye ta wajen Ngaski don kada masu taru, babbar ragar nan mai share komai, su bi sawunsu.

Da suka gama na biyar suka juyo, Dorcas ta rungume littafin a ƙirji, tana lissafin cewa idan ta kama motar azahar, gobe da safe za ta cika fom a natse. Sai tsohon ya tambaye ta, kamar abin ba komai ba, a wane akwati za ta ajiye lambobin. Da ta ce a ofis, da an wuce wurin. Amma ba ta iya ba. Ta gaya masa gaskiya: za a sa su a rajistar ƙasa, duk mai waya a hannu zai iya buɗewa ya gani.

Tamada ya kashe injin. Jirgin ya yi ta lilo da su.

"Har masu taru?"

"Kowa, Baba."

"Ɗiyata, ban san haka na ba. Na ɗauka cikin kwalba za ki sa, ki ruhe. Masu tarun ga in sunka san wuri, kwana ukku ya ishe su. Ko ƙwan kihi ba su bari." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Na riga na nuna miki, ban iya ƙwacewa. Amma mi zai hana ki rubuta na Sallau? Mutum goma sha biyar sunka shaida jiya. Wa zai sani?"

Ya tada injin suka koma gaɓa. Da za ta tafi Talatu ta ɗaure mata banda a takarda. Tamada bai raka ta tasha ba, ya koma rumfa ya ɗauki zarensa.

Ranar Juma'a tun ƙarfe takwas take kiran lambar da ke ƙasan takardar Abuja, sai wajen sha ɗaya aka ɗauka. Dakta Sahabi ne, sakataren kwamitin, mutum mai sauƙin kai da alamar gajiya a murya. Ta tambaye shi ko akwai yadda za a karɓi lambobi a ɓoye su daga jama'a. Ya ce sun tattauna wannan, ana kan shirya shi, amma ba a wannan zagayen ba. Bana duk abin da ya shiga a buɗe yake. Zagaye na biyu kuwa wataƙila nan da shekara biyu, wataƙila fiye. Ya ƙara da cewa ya ga jerin kifayenta, kuma a duk faɗin Arewa bai ga tarin da ya kai shi tsufa ba, don Allah kada ta bari lokaci ya ƙure.

Ta ajiye wayar ta koma cikin ɗakin. Takardu biyu a kan tebur: ta Laraba, mai lambobin da ta ciro daga taswira inda tsohon ya ɗora yatsa, da ta Alhamis. Kowacce a cikinsu za ta iya ceton kwalaben cikin minti ashirin. Ta zauna ta fara shigar da ta Laraba, ta kai layi na uku ta tsaya. Wani ɗalibi a wani gari da ba ta sani ba zai karanta cewa giwan ruwa na zama a taɓon Bakin Marke, ya rubuta, wani ya kwafa daga gare shi. Malam Sallau ya rubuta ne bai sani ba. Ita ta sani. Ta goge. Ta jawo ta Alhamis, ta yi ta kallonta, gorunan nan suna lilo a idonta, ta ture ta gefe. Ta fita baranda, ta ratsa ta tsakanin ɗalibai masu kwamfuta a cinya, ta kai bakin ƙofar kwaleji, ta dawo. Ta sha ruwa. Ta ce a ranta masunta suna da tabki gaba ɗaya, ita ɗaki ɗaya gare ta. Ta ce ai tsohon da kansa ya kai ta, ba ta tilasta shi ba. Duk hujjar da ta kawo sai ta ji ba ta zauna ba, don ta san a kan me ya kai ta.

Aka tafi masallaci aka dawo tana nan tana safa da marwa. Ƙarfe uku da rabi ta zauna. A gurbin wuri, layi ɗari da casa'in, ta rubuta abu ɗaya: Tabkin Kainji, ɓangaren Ngaski. A ƙasa ta ƙara cewa sunayen wuraren da ke cikin kwalaben ba abin dogaro ba ne, kada kowa ya yi aiki da su. Gurbin lambobi ta bar shi wayam. Ta aika saura minti tara.

Ba a yi awa ɗaya ba Dakta Sahabi ya kira. Ya ce fom ɗin ba zai wuce a haka ba, kuma ba shi da ikon ɗaga sharaɗin. Ya ce zai sa sunan ɗakin a gaba idan zagaye na biyu ya zo. Ta gode masa. Da ta kashe wayar ta kifa kai a kan tebur ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'izar malaminta.

Ranar Litinin leburori huɗu suka zo da kwalaye. An ba ta wani lungu a ƙarƙashin bene, marar taga, mai kanta ɗaya da ba za ta ɗauki ko kwalba ɗari ba. Sauran sai dai a ƙasa, a kan juna. Ta hana kowa taɓa kwalba sai ta naɗe ta da tsohuwar jarida da hannunta. Malam Abdulrahman ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, fuskarsa ba daɗi. Ya ce ya ji ta je har Wara, har ta shiga jirgi, ita da ba ta son ruwa.

"Duk wahalar nan, Malama, ba ki samo wuraren ba?"

Leburorin suka dakata suna saurare. Biyu daga cikinsu 'yan bakin ruwa ne, ta san gidajensu. Littafin yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗarta.

"Ban samo ba, ranka ya daɗe," in ji ta. "Tsohon ya manta."

Ya girgiza kai ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ya fita. Dorcas ta sunkuya ta ɗauki kwalbar farko, ta giwan ruwa, wadda ta fi kowacce nauyi. Ta ce da leburan da ke gabanta ya matsa mata hanya, ta nufi ƙarƙashin benen a hankali don kada sifirit ya zube.